Karen Sahabi Ɗan Koli

A cikin 'yan kolin da ke zaga kasuwannin Gusau da Bungudu da Tsafe a farkon zamanin Nasara, ba a yi mai ladabi kamar Sahabi ba. Abokan sana'arsa ma sun yarda da haka, ko da yake ba da murna suke faɗa ba, domin in aka jero da shi a hanya sai ya gaida kowa, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya tambayi gajiyar jiya, har rana ta take ba a kai ko'ina ba.

A Ruwan Bore aka haife shi. Mahaifinsa manomi ne, ya rasu ya bar masa fartanya da kyakkyawan suna, shi kuwa ya ga sunan kaɗai ya ishe shi. Ya shigo Gusau yana saurayi, ya yi wa wani tsohon ɗan koli dakon kaya har ya iya bambanta kwalli na gaske da dakakken gawayi, sannan ya sayi jakin kansa. Kayansa ba masu nauyi ba ne: allura da zare, madubi, murjani, kanumfari, citta, turaren wuta. Ya auri Wasila, 'yar Baba Halliru na Rawayya, wani dattijo mai gonar auduga wanda ba ya maimaita magana. Sahabi bai taɓa kallon surukin nan a ido ba. Da za a ce ya kwatanta shi, takalmansa kawai zai iya kwatantawa, amma su zai kwatanta su da kyau.

Abin da aka fi saninsa da shi, ba ya iya cin abinci wani na kallo. Ko ɗan wake ɗaya ne ya rage a ƙwarya sai ya ce bismilla. To, wannan al'adar kowa ce, kuma ba ta taɓa talauta kowa ba, saboda tana da rabi na biyu. Wanda aka yi wa tayi yakan ce alhamdu lillahi, ya ƙoshi, ko da cikinsa na ƙugi. Mai tayi ya fita kunya, wanda aka yi wa ya fita kunya, tuwo kuma yana nan inda yake. A haka aka zauna lafiya tun kaka da kakanni.

Bayan shekarar yunwa kuraye suka yi ƙarfin hali, har da rana tsaka sukan biyo jaki a dajin da ke tsakanin Kwatarkwashi da Tsafe. Sahabi ya ga yana bukatar kare. Ya fara zuwa wurin liman ya tambaya, liman ya ce karen tsaro ba laifi, a dai ware masa kaskonsa. Daga nan ya nufi Tsafe wurin Dogo maharbi, ɗan kawunsa, wato taubashinsa, wanda tun suna yara kowannensu yake kiran ɗan'uwansa bawansa. Dogo ya ba shi ɗan kwikwiyo baƙi wuluk mai manyan tafuka. Aka sa masa suna Duna.

Ranar da suka iso gida, Wasila ta kawo tuwon dawa da miyar kuka. Sahabi ya wanke hannu, ya yanko loma, ya ɗaga kai, sai ya ga kwikwiyo ya zauna gabansa ya zuba masa ido. Sahabi mutum ne mai ɗan karatu, bai ce wa kare bismilla da baki ba. Hannunsa ne ya faɗa. Lomar farko ta sauka gaban Duna, Duna kuwa ba a yi masa tarbiyyar cewa ya ƙoshi ba. Ya haɗiye, ya sake ɗago kai.

Daga ranar abin ya zama doka. Duna ne ke buɗe akushi, Sahabi ya biyo baya. In sun zo ƙofar zaure, kare ya kutsa, maigida ya ja da baya ya ba shi hanya kamar yadda yake ba kowa, har awaki. Akwai dakali a bakin zaure, inda inuwar durumi take sauka da hantsi, nan Sahabi yakan zauna ya ware zare. Wata rana ya tarar Duna a kwance a kai. Ya ga bai kamata a ta da mai barci ba, ya shimfiɗa tabarma a ƙasa. Bai ƙara zama kan dakalin nan ba.

Kafin damina ta zagayo sau biyu Duna ya zama ƙaton kare mai faɗin ƙirji. A hanya ba shi da na biyu. Ya taɓa shiga tsakanin jaki da kura, ya fito da kunne ɗaya a tsage, jaki ko ƙwarzane. Tun daga ranar Sahabi yake ganin karen yana da haƙƙi a kansa irin na abokin tafiya. A gida ne abin ya lalace. In yana cin abinci ba mai giftawa. In ya kwanta a ƙofa sai a kewaya ta danga. Mai tallar fura ta daina shigowa, mai kawo itace yakan zube a bakin hanya ya yi kira daga nesa. Har Wasila, in ta matso kusa da mangalar kaya, sai ya yi mata gurnani, ya ɗage leɓe.

"Malam," in ji ta wata rana, "ni dai a hwaɗa mini wa nike aure cikin ku biyu, in san wanda zan riƙa gaisarwa da sahe."

Sahabi ya ce ƙuruciya ce, zai bari.

Bai bari ba. Ƙaramar salla ba ta daɗe da wucewa ba Baba Halliru ya shigo Gusau da auduga, ya ce bari ya biya ya ga 'yarsa. Ya yi sallama a ƙofar zaure, sau ɗaya kamar yadda ya saba. Duna yana kwance ya tare ƙofar. Dattijo ya dubi kare, ya ga dai kare ne, ya ɗaga ƙafa zai tsallake. Da Sahabi ya fito a guje, abin da ya tarar shi ne surukinsa zaune dirshan a ƙasa, hula a gefe, hannun riga a bakin Duna, da jini kaɗan a damtse. A ranar ma bai kalli fuskarsa ba, amma ya ga takalman, ɗaya a gabas ɗaya a yamma.

Magana ta je gaban mai unguwa, wanda dama ƙorafin karen ya ishe shi. Ya saurari kowa, ya ce ga babbar salla tafe, lokacin da nama zai cika unguwa, jama'a na shiga gidaje suna fita da rabo. Ba zai bar irin wannan dabba a tsakiyar mutane ba.

"Washegarin salla ni da kaina zan zo zaurenka in ci nama," in ji shi, "wanga kare shina kwance ba igiya. In ya yi gurnani ko sau guda, maharba su tahi da shi daji, kuma su kaɗai za su dawo. Ka ji?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Baba Halliru, wanda yake zaune a gefe, ya ce shi ma zai zo.

Maƙwabta suka kawo shawara, kowa da tasa. Aka ce bulala. Sahabi ya samo tsumagiya, ya ba Duna haƙuri, ya tsula masa. Sakamakon shi ne karen ya fara yi wa duk hannun da aka ɗaga gurnani, har na mai miƙa gaisuwa. Aka ce akwai wani mai magani a Bungudu. Mai maganin ya ba da garin sassaƙe, ya ce a dama a fura da nono a ba kare da sassafe kafin kowa ya karya. Duna ya sha, ya ji daɗi, ya ƙara ƙiba. Da Sahabi ya ga kwanaki na tafiya, ya ɗaura wa jaki kaya ya kama hanyar Tsafe.

Dogo yana zaune a ƙofar gida yana gyaran kwari da baka ya hango su tafe: kare a gaba, jaki a tsakiya, Sahabi a baya. Ya tashi da sauri, ya wuce ɗan'uwansa kamar bai gan shi ba, ya rusuna wa Duna.

"Sannu da zuwa, maigida. An sha hanya. Ashe da baranka ka taho?"

"Dogo, bar wasa. Kashe shi za a yi."

"Wa, baran? To ai ba a yi asara ba."

Sai da aka sha ruwa Sahabi ya kwashe labari ya faɗa. Dogo ya leƙa cikin gida ya ce a kawo abinci. Aka kawo tuwo. Karnukan Dogo suna kwance can gindin rumbu, ko ɗaga kai ba su yi ba. Duna kuwa ya tako ya tsaya a kan akushi. Sahabi ya yanko loma, hannu ya nufi inda ya saba, sai ya ji an damƙe masa wuyan hannu.

"Mi za ka yi?"

"Kallona shikai."

"To ya kalla mana. Idonai ne." Dogo ya saki hannun. "Bawana, tsaya in tambaye ka. A gidanku na Ruwan Bore wa ke fara sa hannu a akushi?"

"Baba."

"Wa ke fara shiga ƙofa? Wa ke zama kan dakali?"

Sahabi ya juya ya dubi Duna.

"To su ma karnuka haka su ke. Wanda ya fara ci, ya fara wucewa, ya kwanta a wuri mai tudu, shi ne babba. Kai ka naɗa shi da hannunka, rawani kawai ka manta. Kuma babba shi ke da ƙofa, shi ke cewa wane ya shiga wane ya tsaya. Da ya kama surukinka aikin sarautarsa ya yi. Dube shi da kyau, ko barcin kirki ba ya yi, kunne kullum a tsaye. Sarautar ta ishe shi, ba wanda zai karɓa ne."

"To in ƙara dukansa?"

"Da ka duka ya gyaru? Bulala ba abin da take koya masa sai tsoron hannu, kare mai tsoro kuwa shi ke cizo. Ba duka, ba tsawa. Ci tuwonka."

Dogo ya zura wa Duna igiya, ya ɗaure shi a turke nesa kaɗan, inda zai ga komai. Sahabi ya ci tuwon nan. Ya sha faɗa daga baya cewa ya kwana da yunwa a daji, ya sha ruwan kududdufi, amma bai taɓa cin abinci mai wuyar haɗiya kamar wannan ba. Duna ya yi gurnani, ya yi haushi, ya ja igiya, daga ƙarshe ya koma wani siririn kuka mai shiga zuciya. Sahabi ya ci gaba da kai loma. Gumi ya jiƙa masa riga. Dogo yana gefe yana ba shi labarin farashin gishiri.

Da aka wanke hannu, Dogo ya zuba saura a kasko ya miƙa masa. Ya ce ya riƙe shi sama, ya ce "zauna" sau ɗaya tak, kada ya ƙara, kada ya roƙa, kada ya yi bayani.

"Zauna," in ji Sahabi. Ya ɗan jira. "Don Allah."

"Ka ɓata. Sake."

Aka sake. Duna ya yi tsalle, ya zaga, ya yi haushi, kasko bai sauko ba. Can dai karen ya gaji, ya ɗora gindi a ƙasa don ya huta, nan take Dogo ya ce a aje masa. Duna ya ci, yana ci yana satar kallon mutanen nan biyu kamar mai son gane inda aka yi masa wayo.

Sahabi ya yi 'yan kwanaki a Tsafe. Kafin ya tafi, Duna ya gane cewa gindi a ƙasa shi ke saukar da kasko, shi ke kawo ƙuli-ƙuli, shi ke sa a kwance igiya. Dogo ya cika wa ɗan'uwansa aljihu da ƙuli, ya ce wannan ne bulalarsa daga yau. Ya kuma ce a hanya igiya gajera, kare a gefen ƙafa. In ya ja gaba, a tsaya cik, kada a motsa sai igiya ta yi sako-sako.

"Karen zai koya," in ji Dogo da suna sallama. "Kai ne nike shakka."

Ba a taɓa yin tafiya daga Tsafe zuwa Gusau mai tsawon wannan ba. Duna ya ja, Sahabi ya tsaya. Duna ya waiwayo, igiya ta saki, a yi gaba kaɗan, ya sake ja, a sake tsayawa. Jaki ya ɗauka hutu aka ba shi, ya shiga kiwo. Fatake suka riƙa wuce su suna tambaya ko lafiya, wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta wuce su, ta kai kayanta, ta dawo ta same su ba su yi nisa ba, ta yi masa addu'ar samun sauƙi. Amma da suka bar Kwatarkwashi a baya, tsayuwar ta ragu. Da suka hango Gusau, kafaɗar Duna tana daidai gwiwar Sahabi.

A ƙofar zaure aka yi ta ta ƙare. Duna ya kutsa, Sahabi ya jawo shi baya a hankali ya ce ya zauna. Ya kutsa, aka dawo da shi. Wasila tana daga ciki tana kallo, ta ga mijinta ya shigo gidansa kafin kare, abin da ta manta rabon da ta gani. Ta rangaɗa guɗa.

Dama tun a Tsafe Dogo ya ce dole kowa a gidan ya bi doka ɗaya, Wasila kuwa ba ta sha wata wahala ba. Ta daɗe tana iya cin abinci ana kallonta. Ita ce ma ta warware maganar dakali. Ba ta kori kare ba, ta dai kife turmi a kai, ta jingina taɓare, ta ɗora kwando, har ba sauran wurin kwanciya. Aka shimfiɗa wa Duna tsohon buhu a kusurwar zaure, nesa da ƙofa. Duk lokacin da ya je ya kwanta a kai, ƙuli ya faɗo. Bai daɗe ba ya yanke shawarar cewa dama can ya fi son buhun.

Saura baƙi. Ana bukatar mai yin sallama, ba kuwa wanda ke rububin aikin. Daga ƙarshe maƙwabcinsu Haruna maɗinki ya yarda, bisa sharaɗin zai tsaya a hayin hanya kusa da bishiyar da zai iya hawa. Haruna ya yi sallama, Duna ya zabura, Sahabi ya amsa sallamar a natse ya ce, "Wurinka." Aka ja kare zuwa buhu, ya kwanta, ƙuli. Haruna ya sake sallama. Kullum bayan la'asar haka ake yi, kullum Haruna na matsowa kaɗan, har masu wucewa suka fara zaton wani sabon wuridi ne. Ranar da ya shigo cikin zauren ya zauna, Duna na kan buhu yana kaɗa wutsiya yana jiran ƙulinsa, Haruna ya ce ladan sallamar da ya tara a wannan wata ya ishe shi har badi.

Sau ɗaya aka samu koma baya. Ran kasuwar Bungudu ciniki ya yi kyau, Sahabi ya sayi tsire. Ya duba gabas, ya duba yamma, ba Dogo, ba Wasila, sai idon Duna. Ya ce a ransa yanka ɗaya ba ya rushe gini. Da suka dawo gida Wasila ta zo ɗaukar mangala, Duna ya ɗage mata leɓe. Ta ajiye mangalar, ta juyo.

"Malam, ka yi mai tayi a Bungudu."

"Wa ya hwaɗa miki?"

"Shi."

Aka koma baya kaɗan, aka sake hawa. Sahabi bai ƙara ba.

Salla ta zo. Aka yanka raguna, aka jera su a bakin wuta, unguwa ta cika da hayaƙi da ƙanshi. Duna ya wuni a ɗaure yana haɗiyar yawu. Washegari da hantsi mai unguwa ya iso, Baba Halliru na biye da shi cikin wata riga sabuwa. Jama'a suka taru a hayin hanya, a daidai inda Haruna ya saba tsayawa. Maharba biyu suka zauna a kan dakali, wanda aka sauke wa turmi don ranar, da igiyarsu a hannu.

Mai unguwa ya yi sallama. Duna ya ɗaga kai, ya dubi Sahabi.

"Wurinka."

Ya tafi ya kwanta a kan buhu. Dattawa suka shigo, suka wuce ta gabansa, suka zauna. Ya shinshina iska, ya gane mai rigar nan, kunnensa mai lafiya ya miƙe, amma bai tashi ba. Aka kawo faifai cike da gasasshen nama da hanta da yaji. Sahabi ya ajiye a gabansu a durƙushe, ya ja da baya ya fita ta ƙofar cikin gida, domin ba a tsayawa a ga suruki na cin abinci. Ya tsuguna bayan zana, ya sa ido a wata 'yar kafa.

Komai na tafiya daidai. Mai unguwa yana ci yana satar kallon kusurwa. Duna na kwance, ido a kan faifai, irin kallon nan nasa. Sai Sahabi ya ga surukinsa ya dakata. Baba Halliru ya dubi kare, kare ya dube shi. Dattijon nan mutum ne mai girma, ba ya riƙe dabba a zuciya, kuma yana son jama'a su shaida ya yafe. Ban da haka shi ma ɗan ƙasar nan ne, an yi masa tarbiyya. Ya zaɓi yankan hanta mai kyau, ya ɗaga hannu.

Sahabi ya san abin da zai biyo baya kamar yadda ya san hanyar Bungudu. Hanta za ta faɗi, Duna zai tashi ya ɗauka, ya matso faifai neman ta biyu. Mai unguwa zai ɗaga hannu ya kore shi, daga nan sai gurnani, ga maharba a kan dakali. Ya kuma san cewa tun da aka kafa Gusau ba a taɓa jin wanda ya hana surukinsa abin da ya yi niyya ba, balle a gaban mai unguwa. Duk wannan ya auna shi a tsakanin ɗaga hannu da sakin hanta.

"Baba! Aje ta!"

Ba tsawa ya yi ba. Muryar nan ce da Dogo ya koya masa, kalma a taƙaice, sau ɗaya, ba roƙo. Hannun Baba Halliru ya mayar da hanta kan faifai kafin mai hannun ya san an yi. Mai unguwa ma ya ajiye tsokar da ke hannunsa. Duna ya kwantar da haɓa a kan buhu. A hayin hanya wani ya ce, "La ilaha illallahu."

Can Baba Halliru ya sake ɗaukar hantar, ya dangwali yaji, ya kai bakinsa. Suka ci gaba da ci har faifai ya koma ƙashi. Sahabi ya shigo a durƙushe, kansa a ƙasa, ya kawo ruwan wanke hannu. Ya tattara ƙasusuwa a kasko, ya koma tsakiyar zaure, ya kira Duna. Kare ya taso, ya zo, ya zauna tun ba a ce masa ba. Aka ajiye masa. Mai unguwa ya miƙe, ya bi ta gefen kaskon da gangan har rigarsa na shafar kunnen kare. Duna ya matsa masa ya wuce, ya ci gaba da abin da yake yi.

A bakin ƙofa mai unguwa ya sallami maharba, ya ce a ba su cinya ɗaya don wahalar zuwa. Sannan ya juyo ga Sahabi.

"Kare dai ya tsira," in ji shi. "Kai ne ban sani ba."

Baba Halliru ya sa takalmansa ya kama hanyar Rawayya, ko 'yarsa bai shiga ya gani ba.

Duna ya rayu har ya yi furfura a baki, har lokacin da aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, kuma bai ƙara kama rigar kowa ba. Mai tallar fura ta dawo. Masu karnuka daga Bungudu da ƙauyukan kewaye suka riƙa tare Sahabi a kasuwa suna neman maganin da ya ba nasa, in ya ce ba magani sai su ɗauka rowa ce, su sayi allura don su sassauta masa zuciya. Ya sayar da allura da yawa a shekarun nan. Amma wannan duk daga baya ne. A makon sallar nan ba a maganar kare a Gusau, maganar mutumin da ya ba surukinsa umarni ake yi, har a bakin rijiya.

Wasila ta ce ba ta taɓa jin an yi wa mahaifinta haka ba, ta faɗa fuskarta a ɗaure, sannan ta shiga ɗaki aka ji kamar tana tari. Da ta fito ta ce ya nemi goro.

Sahabi ya sayi goro fari mai kyau, ya roƙi Haruna ya raka shi ya yi masa baki. Suka isa Rawayya da hantsi, suka yi sallama, aka ce su jira. Suka jira a rana har inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Daga nan aka ce Haruna ya shigo shi kaɗai. Sahabi ya tsuguna a waje, yana jin muryar Haruna tana ta zuba ban haƙuri, ba ya jin amsa. Da Haruna ya fito ba goro a hannunsa, alamar an karɓa.

"Mi ya ce?"

"Ya ce hantar ta yi daɗi, da an ba kare an yi ɓarna."

"Shi ke nan?"

"Ya ce kuma a hwaɗa maka muryar taka ba laihi. Amma nan gaba in za ka ba shi umarni, ka fara da gaisuwa."